Madubin suwic ba ya nuna mini zirga-zirgar VM a Proxmox, ina matsalar take?

Ɗan Auyo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya a kan yadda ake sa ido kan zirga-zirgar bayanai a ƙaramin gajimare na cikin gida. Wurin injin casar shinkafa ne na wata ƙungiyar manoma a yankin Auyo, jihar Jigawa. Akwai sabobi 3 masu Proxmox VE, manhajar da ke raba saba ɗaya zuwa kwamfutocin manhaja da ake kira VM, kowacce da RAM GB 64 da katin netwok biyu, suna ɗauke da VM 11. Masu muhimmanci a ciki su ne manhajar sikelin mota, rumbun bayanan manoma, lissafin kuɗi, da na'urar naɗar bidiyon kyamarori 16. Suwic ɗaya ne mai kafa 24 na gigabit, rawuta kuma MikroTik ce. Intanet na tauraron ɗan'adam ne, idan ya yanke sai a koma layin 4G. An raba netwok ɗin gida-gida, wato VLAN, guda huɗu ne: 10 na ofis, 20 na sabobi, 30 na kyamarori, 40 na Wi-Fi ɗin ma'aikata da direbobi.

Abu biyu ke damuna. Duk ranar da aka koma 4G, datar wata tana ƙarewa cikin 'yan kwanaki ba a san mai sha ba. Sannan da rana manhajar sikeli tana nauyi, motoci su yi layi a bakin ƙofa.

An saita madubi a suwic, kafa ta 1 da ke zuwa rawuta ana kwafo ta zuwa kafa ta 24, an ja kebul zuwa kati na biyu na saba ta uku, an haɗa shi da VM mai Suricata, manhajar gano masu kutse. Amma a cikin VM ɗin babu abin da tcpdump, manhajar kallon fakitin da ke wucewa, ke nunawa sai ARP da DHCP. Hirar da ke tsakanin manhajar sikeli da rumbun bayanai kuwa ko alamarta babu. Mene ne ba a yi daidai ba? Kuma faifai mai girman nawa ake bukata idan ana son ajiye bayanan wata guda?

Injiniya Mai Kebul:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsala biyu ce ka haɗa, kowacce da maganinta.

Ta farko, gadar Linux, wato suwic na manhaja da ke haɗa VM da katin sabar, ita ce take yi maka abin da aka ƙera ta ta yi. Gada tana koyon adireshin MAC, wato lambar katin netwok, na duk wanda ya yi magana, ta riƙe cewa wane yana bayan kafa kaza. Duk fakitin madubi ta kafa ɗaya suke shigowa, wato katin nan na biyu, don haka cikin daƙiƙa kaɗan sai ta ɗauka mai aikawa da mai karɓa duk a wannan kafar suke. Fakitin da ya shigo ta inda ya kamata ya fita, gada ba ta tura shi ko'ina, jefar da shi take yi. ARP da DHCP na kowa da kowa ne, shi ya sa su kaɗai suke isa gare ka. Alamar da ka bayar ta nuna haka ƙarara.

Ka ware wa madubin gada tasa, babu adireshin IP a kanta, ka hana ta riƙe abin da ta koya. A cikin /etc/network/interfaces:

auto vmbr1
iface vmbr1 inet manual
    bridge-ports eno2
    bridge-stp off
    bridge-fd 0
    bridge-ageing 0

Sai ka yi ifreload -a. A katin VM ɗin da ke kan vmbr1 kada ka sa lambar VLAN, kuma ka cire alamar Firewall, domin idan tana kunne Proxmox yana saka wata ƙaramar gada mai suna fwbr a tsakani, ita ma tana koyon MAC, sai ka koma gidan jiya. Gwaji kuma mataki-mataki ake yinsa: tcpdump -e -n -i eno2 a kan sabar, sannan a kan tap ɗin VM ɗin, wato katinsa ta ɓangaren sabar, sannan a cikin VM. Inda fakiti suka ɓace, a nan gizo ke saƙa. Idan sabar tana da IOMMU a kunne, kana iya miƙa wa VM katin kacokam ka huta da gada gaba ɗaya, sai dai VM ɗin ba zai iya ƙaura zuwa wata saba yana aiki ba.

Ta biyu ita ce wadda mutane da yawa ba sa lura da ita. VM biyu da ke saba ɗaya, VLAN ɗaya, hirarsu ba ta taɓa fita kan waya. A cikin vmbr0 take farawa, a nan take ƙarewa. Suwic bai gan ta ba balle ya kwafo maka, ko da ka yi wa dukkan kafafuwa 23 madubi. Dole a cikin sabar za a yi kwafin. Proxmox yana sa wa katin kowane VM suna da lambarsa: tap101i0 shi ne kati na farko na VM 101. Ka ƙirƙiri gada marar kafa, ka ce vmbr2, ka ba VM mai sa ido kati na uku a kanta, sannan:

tc qdisc add dev tap101i0 clsact
tc filter add dev tap101i0 ingress matchall action mirred egress mirror dev tap200i2
tc filter add dev tap101i0 egress matchall action mirred egress mirror dev tap200i2

A nan 101 rumbun bayanai ne, 200 mai sa ido. Gefe ɗaya kawai za ka kwafa. Idan ka yi wa manhajar sikeli da rumbun duka, kowane fakiti zai zo sau biyu, ƙidayarka ta ninka, kuma kayan binciken su riƙa ce maka ana maimaita aike alhali lafiya lau.

Abin da ke lalata wannan shiri shi ne tap ba ya dawwama. Duk lokacin da aka kashe VM aka kunna, sabon tap ake haifa, dokokin tc su tafi da tsohon, kuma babu wani saƙon kuskure da zai sanar da kai. Haka idan VM 200 ne aka kashe aka kunna, dokar tana nan amma tana nuna katin da ya riga ya mutu. Ka rubuta umarnin a ƙaramin fayil a local:snippets, ka ɗaura shi da qm set 101 --hookscript ya riƙa gudana a matakin post-start, ka yi wa 200 haka shi ma. Kuma su biyun su zauna a saba ɗaya.

Maman Walida:

Sannu da ƙoƙari, Malam. Bayanin Injiniya daidai ne, amma ni ina ganin an fara gini daga rufi. Tambayarka ta farko ita ce wa ke shanye data, kuma wannan ba ta bukatar madubi ko kaɗan. Suricata mai gadi ne, yana neman alamar ɓarawo. Kai littafin shige da fice kake bukata: wane ya yi magana da wane, yaushe, baiti nawa. Wannan aikin NetFlow ne, kuma rawutarka tana da shi a kyauta.

Ka tada ƙaramin VM na Debian, CPU 1 da RAM GB 2 sun isa, ka saka nfdump. A cikinsa akwai nfcapd da ke sauraro a fot 2055 na UDP, yana rufe fayil ɗaya duk minti 5. A kan MikroTik:

/ip traffic-flow set enabled=yes active-flow-timeout=1m
/ip traffic-flow target add dst-address=10.0.20.15 port=2055 version=9

Wannan minti ɗayan ka kula da shi. Asalin saitin minti 30 ne, ma'ana idan waya ta fara sauke babban fayil da ƙarfe 2, ba za a ba da rahotonta ba sai 2 da rabi, duk nauyin ya taru a wuri ɗaya, ka je kana zargin lokacin da ba shi ba ne. Siga ta 9 kuma na zaɓa domin ta 5 ba ta ɗaukar IPv6, ba ta da gurbin adireshin NAT, wato musayar adireshin cikin gida da na rawuta wajen fita intanet. Idan ka duba saukarwa ka ga adireshi ɗaya tak ya cinye komai, na rawutar ne da kanta, sai ka karanta gurbin NAT ka ga na'urar cikin gida da ke bayansa. Siga ta 9 tana aiko da samfurin karatu lokaci-lokaci, kafin ya iso nfcapd ba ya fahimtar komai, don haka idan ka kunna ka ga shiru na ɗan lokaci kada ka tayar da hankali, ka rage v9-template-timeout zuwa minti 1.

Bayan kwana ɗaya ka tambaye shi manyan masu turawa waje:

nfdump -R /var/cache/nfdump -s srcip/bytes -n 10 'src net 10.0.0.0/8 and not dst net 10.0.0.0/8'

Ka fara duba adireshin VLAN 30. Kyamarori da yawa suna buɗe hanya zuwa sabar kamfaninsu domin a kalle su ta waya, kuma mutum ɗaya ya bar manhajar kallo a buɗe ya isa ya kwashe data. Sai sabunta Windows, sai wayoyin VLAN 40 da ke ɗora hotuna da bidiyo da zarar sun ji Wi-Fi, domin su ba su san an koma 4G ba. Da ka gano, ka sa doka a rawuta: idan fita ta katin 4G ce, VLAN 20 da na'urorin ofis da aka lissafa kaɗai ke wucewa.

Iyakar NetFlow na rawuta ita ce abin da ya bi ta cikin CPU ɗinta kawai take gani. Abin da guntun suwic ya wuce da shi da kansa, ko hirar VM biyu a saba ɗaya, ba zai fito ba.

Maganar faifai kuwa, lissafi ne. Megabit 100 a daƙiƙa shi ne MB 12.5, wato GB 45 a awa, TB 1.08 a kwana. Ko matsakaicinka megabit 20 ne, kwafin fakiti cikakke zai ci GB 216 kullum, kusan TB 6.5 a wata. NetFlow kuwa, ko a ce kowane layi ya ci baiti 100, layi miliyan ɗaya MB 100 ne. Faifan GB 50 zai kai ka watanni, ka sa nfexpire ya riƙa share tsofaffi.

Wani abu da ya shafi irin wurarenmu: yawancin na'urorin MikroTik ba su da batirin agogo. Wuta ta ɗauke ta dawo, agogon ya kauce har sai ya samu NTP, wato lokaci daga intanet, idan kuma intanet bai dawo ba tukuna, bayanan za su shigo da lokacin ƙarya. Proxmox yana zuwa da chrony, manhajar daidaita agogo. A saba ɗaya ka ƙara allow 10.0.0.0/8 da local stratum 10, rawuta da suwic da kyamarori duk su ɗauki lokaci daga wurinta. Ka duba batirin CR2032 na sabar ma, idan ya mutu ita ma ƙarya za ta raba wa kowa.

Ɗan Auyo:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Hajiya. An sa bridge-ageing 0, an cire alamar Firewall, yanzu fakiti suna shigowa da tambarin VLAN ɗinsu. NetFlow ma ya fara tara bayani. Amma a stats.log na Suricata, capture.kernel_drops yana ta hauhawa, kusan duk abin da nake gani kuma bidiyon kyamarori ne. VM ɗin CPU 2 ne da RAM GB 4. Na'urar naɗar bidiyon tana VLAN 20 tare da sauran sabobi. Sannan akwai VM na lissafin kuɗi a saba ta ɗaya, ana iya turo kwafinsa zuwa saba ta uku ta rami irin VXLAN?

Baban Sadiq:

Ɗana, jimlar nan da ka faɗa a wucewa, cewa na'urar naɗar bidiyo tana VLAN 20, ita ce ta fi komai muhimmanci a saƙonka. Kyamarori suna 30, mai naɗa yana 20, ke nan kowane fakitin bidiyo sai ya hau kafa ta 1 zuwa rawuta, ta juya shi, ya sake saukowa ta wannan kafar. Ka ɗauka kowace kyamara megabit 4 take bayarwa: 16 sau 4, megabit 64 dare da rana, hawa da sauka 128 a kan madubinka. Rawutar kuma tana tauna wannan kayan da CPU ɗinta, a lokacin da kwamfutar sikeli da ke VLAN 10 take jiran a wuce da ita zuwa 20. Ka duba /tool profile da rana ka gani. Ka ba VM mai naɗa kati na biyu a VLAN 30, kyamarorin su tura masa kai tsaye ta suwic. Rawuta ta huta, madubi ya huta, kuma ina kyautata zaton layin motocin zai ragu. Idan bai ragu ba, sai a koma kan kwafin tap101i0 a auna tsawon lokacin da rumbun yake ɗauka kafin ya ba da amsa, a kuma duba ko ba da rana aka saita ajiyar kwafin VM ba.

Kafin ka gyara wancan, ka sa tace a af-packet cikin suricata.yaml, bpf-filter: "not net 10.0.30.0/24". Da adireshi za ka tace, domin tace ta lambar VLAN yana yawan ruɗa mutum idan kati ya riga ya cire tambarin. Ka ɗaga VM ɗin zuwa CPU 4 da RAM GB 8, katin ya zama VirtIO da Multiqueue 4, cluster-type ya zama cluster_flow. Ka kashe haɗa fakiti a katin madubi, a sabar da cikin VM duka: ethtool -K eno2 gro off lro off. Idan suna kunne, kati yana dunƙule fakiti da yawa su zama ƙato ɗaya wanda bai taɓa bin waya ba, binciken ya rikice. HOME_NET ka rubuta ainihin rukunin adireshinku, ka gudanar da suricata-update ya sauko da dokokin Emerging Threats Open. Ka riƙa raba kernel_drops da kernel_packets. Idan ya haura kashi 1 cikin 100 a kai a kai, akwai sauran aiki.

Akwai kuma zubar da Suricata ba zai taɓa gaya maka ba. Kafar gigabit tana ɗaukar gigabit ɗaya shiga, ɗaya fita. Madubin duka biyun zai iya kai gigabit 2, kafa ta 24 kuma ɗaya take iya fitarwa, ragowar suwic ya zubar shiru. Lambar zubarwar kafa ta 24 a suwic ɗin za ka duba.

Ramin VXLAN yana yiwuwa, amma ban ba ka shawara ba. Yana ƙara baiti 50 a kan kowane fakiti, sai MTU na hanyar, wato iyakar girman fakiti, ya kai aƙalla 1550, in ba haka ba manyan fakiti su faɗi. Mafi haɗari, katin farko kaɗai ya rage wa saba ta uku, kuma a kansa corosync yake, wanda da shi sabobin ke jin juna. Corosync ba ya son jinkiri. Idan kwafin ya cushe hanyar, sabobin su daina jin juna, wadda ta rasa rinjayen ƙuri'a 2 cikin 3 ba za ta iya tada VM ba, idan kuma HA, tsarin da ke tada VM a wata saba idan tasa ta faɗi, na kunne za ta sake kunna kanta da duk abin da ke kanta. Ka matso da VM ɗin lissafin zuwa saba ta uku, ko ka tada ƙaramin mai sa ido a saba ta ɗaya ya riƙa turo rahoto kawai.

Fayil ɗin eve.json yana girma da sauri. Ka ba shi faifai na daban mai iyaka, da logrotate. Idan ya cika local-lvm da sauran VM ke zaune a kai, dukkansu za su tsaya da io-error, har da sikeli.

Injiniya Mai Kebul:

Baba ya gama magana a kan VXLAN, na goyi baya. Zan ƙara abin da ya shafi wuta da ƙura. NetFlow ta UDP yake tafiya, abin da aka aiko lokacin da mai karɓa yake a kashe ya tafi ke nan. A Start/Shutdown order ka ba VM ɗin nfcapd lamba 1, mai Suricata lamba 2, sauran su biyo baya. Ka haɗa UPS da manhajar NUT ta kashe sabobin a tsanake kafin batirin inbata ya ƙare. Ka kuma sa LibreNMS ko Zabbix ya riƙa karanta ƙididdigar suwic ta SNMP da zafin sabobi. A watan Afrilu zafin yankin Haɗeja yana wuce digiri 40, ga ƙurar ƙaiƙayi tana toshe ragar gaban saba kamar an liƙa mata bargo. CPU da ya yi zafi yana rage gudu da kansa, sai ka ga fakiti na zuba da azahar kawai, ka yi ta neman laifin saiti. Wajen SNMP ka yi amfani da siga 2c ko 3 da ma'aunin 64-bit, wato ifHCInOctets, domin na 32-bit yana cika ya koma sifili cikin kimanin daƙiƙa 34 a kan gigabit.

Maman Walida:

Abu ɗaya kafin ka kunna kwafin rumbun bayanan, Malam. Idan hirar manhaja da rumbun ba a rufe take da TLS ba, duk wanda ya buɗe kwafin zai karanta sunayen manoma, lambobin wayarsu, da NIN ko BVN idan ana ajiyewa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shafi irin wannan, kuma amana ce ta mutanen da suka kawo shinkafarsu. Kada ka kunna pcap-log a kan tap200i2. Idan bincike ya kama, ka ɗauki minti 10 da tcpdump -s 96, wanda ke ɗaukar kan fakiti kawai ya watsar da mafi yawan cikinsa, ka goge bayan an gama. A VLAN 40 ma, ko da HTTPS ya ɓoye abin da mutum ke karantawa, DNS da sunan shafin da ke cikin SNI suna fitowa a eve.json. Shugabannin ƙungiyar su amince a rubuce, a liƙa sanarwa da Hausa kusa da inda ake ba da kalmar sirrin Wi-Fi, ajiyar ta tsaya a kwana 30, shiga VM ɗin kuma ya zama daga adireshin kwamfuta ɗaya ko biyu kawai, da mabuɗin SSH.